Igiyar Barcin Korau

A zamanin da aljanu ba su gama janye jiki daga hanyoyin mutane ba, an yi wani mahaƙin rijiya a ƙauyen Gangaren Marke, sunansa Korau. Mutum ne ƙaƙƙarfa mai sanyin hali, amma ba da wannan aka san shi ba. Da barci aka san shi. In Korau ya sa haƙarƙarinsa a ƙasa, to sai dai a yi haƙuri. An taɓa yin gobara a gidan maƙwabcinsa, aka yi ihu, aka kashe wutar, aka watse, da safe ya fito yana tambayar wa ya ƙona shara.

Matarsa Hakama kuwa Allah ya yi ta akasinsa. Ɓera ya taka buhu, ta farka. Akuya ta yi atishawa a turke, ta farka. Tun da aka kawo ta gidan ba ta san irin barcin nan da ake tashi ana miƙa ana salati ba. Kuma ita kaɗai ce take iya tashin Korau. Ba ta girgiza shi, ba ta ɗaga murya, sai dai ta ce, "Maigida," ya buɗe ido. Mutanen gari suna dariyar abin, ita ba ta yi.

Sau ɗaya wannan kira ya ƙi aiki, kuma shi ne ya zauna mata a zuciya kamar tsakuwa a tuwo. Suna da 'ya guda, Kyauta, wadda suka samu bayan dogon jira. 'Yar fari ce, saboda haka Hakama ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa ɗora ta a cinya a gaban mutane ba. Sai dai ta ce "ke yarinya", kamar yadda aka gada a kunyar ɗan fari. Shi kuwa Korau bai san wannan kunya ba. Yakan zauna a rumfa yarinyar tana yi masa ƙananan kitso a gemu, ya fita da su kasuwa ana yi masa tsiya. Kyauta ta fara ɗaukar ƙaramin tulu ke nan zazzaɓi ya kama ta. Daren da ta cika, Hakama ta kira maigida, ta sake kira, ta girgiza shi, ta yayyafa masa ruwa, yana ta minshari abinsa. Bai farka ba sai da komai ya wuce. Ba ta taɓa yi masa maganar ba, amma ba ta yafe ba. Duk sa'ad da ta ji minsharinsa sai ta ce a ranta, mutumin nan ba shi da zuciya.

Wata rana da hantsi ta tafi itace wajen wata tsohuwar rijiya da Korau ya haƙa ta ƙi ba da ruwa, aka yi watsi da ita. Ta ɗaure itacenta, ta zauna a bakin rijiyar kanta yana sarawa, ta ce a fili, "Ni ma dai in ɗanɗana barcin nan nasa ko sau ɗaya, in ji abin da ke cikinsa da ya fi masa 'yarsa."

Sai aka amsa daga cikin rijiyar, "An ji, 'yar Adam."

Wata mace ta fito, doguwa, siririya, idanunta ba su da fatar rufewa. Tana rungume da matashin kai na baƙin saƙi. Hakama ta so gudu, ƙafa ta ƙi.

Matar ta ce, "Ga abin da kika roƙa. Audugar rimin da ke cikinsa ba a ƙasarku ta tsiro ba. Ki ɗora kanki a kai, za ki nutse yadda mijinki yake nutsewa. Sai dai ina da tambaya, kuma ki yi tunani kafin ki amsa. Abin da ke hannunki, wa za ki ba ya riƙe miki?"

Hakama ta buɗe tafin hannunta ta duba, babu komai sai kaushi. Ta ce, "Baiwar Allah, ai babu abin da ke hannuna."

"Da bakinki kika faɗa," in ji matar. Ta miƙa mata matashin, ta koma cikin rijiya.

Nauyin matashin ya kai na dutsen niƙa. Hakama ta bar itacen a nan, ta ɗauko shi a ka. Da rana ta take Korau ya dawo daga aiki, ya sha fura, ya miƙe a rumfa kamar kullum. Ita kuma ta shiga ɗaki, ta saki asabari, ta ɗora kai a matashin. Iyakar abin da ta sani ke nan.

Akuyarta ce ta tashe ta. Yunwa ta sa ta tsinke daga turke, ta shigo ɗaki ta fizge matashin tana neman ci. Hakama ta tashi ta ji jikinta sakayau, daɗin da ba ta taɓa ji ba, har ta yi murmushi. Sai ta ji hayaniya a tsakar gida. Ashe an kwana an wuni. Ta fito ta tarar da mutane sun kewaye rumfa, Korau yana kwance yadda ta bar shi, ƙuda yana yawo a leɓensa.

Ta durƙusa ta ce, "Maigida."

Shiru. Ko minsharin babu.

Babu abin da ba a yi ba. Aka sheƙa masa ruwan randa, aka turara masa barkono, aka kira makaɗi ya buga ganga a kunnensa, malamin gari ya yi tofi ya rubuta rubutu, aka ɗura masa ya dawo ta gefen baki. Kwanaki suka shuɗe, ƙaton mutum ya fara zubewa, haƙarƙari suka fito. Yayansa Jatau ya kira ta gefe ya ce, "Hakama, numfashin nan ja da baya yake yi. Jikin da ba ya karɓar ruwa ba ya daɗewa. Ki shirya zuciyarki." A nan ta gane cewa duk fushin da take yi da mutumin nan, ba ta da kowa a duniya sai shi.

Ta ɗauki matashin ta koma rijiya. Ta leƙa ta ce, "Baiwar Allah, ga kayanki, ki dawo mini da mijina."

Muryar ta ce, "Ba ni na ɗauke shi ba, ke kika sake shi. In kina son sa, sauko da ƙafarki, kuma kada ki bar matashin a sama."

Ta goya matashin da zane kamar jariri, ta fara sauka tana taka ramukan da Korau ya sassara a bangon rijiyar don ƙafarsa. Takunsa ya fi nata faɗi, ta sha kurjewa. Da ta kai ƙasa sai ta ga babu ƙasa, wani fili ne shimfiɗe, haskensa irin na lokacin da hadari ya haɗu bai zubo ba. A tsakiyarsa akwai wani makeken rami wanda ba a hango ɗaya gefensa. Mutane ne zaune a bakinsa jere, iyakar ganinta, kowa idonsa rabi a rufe, kowa da igiya a hannu ta sauka cikin duhu. Ta ga masu jego, ta ga masu gadi, ta ga makiyaya, ta ga tsofaffi masu jinya. Lokaci-lokaci sai wani ya zabura ya ja igiyarsa, ya saurara, ya sake sassautawa. Babu mai yi wa wani magana.

A gefe wani tsohon aljani ne zaune a kan tulin rama, yana tufka igiya a cinyarsa, gemunsa ya shiga cikin tufkar har ba a gane inda gemu ya ƙare. Hakama ta durƙusa ta gaishe shi.

Ya ce, "Ba ki bukatar faɗin sunanki. Ni ne Mai Tufka, ni na tufka taku ranar da aka ɗaura muku aure. Zo ki ga wurinki."

Ya kai ta wani gurbi da babu kowa. Dutsen wurin ya lotsa saboda zama, bakin ramin kuma igiya ta ci shi ta yi masa zurfin kwari. Ta sa hannu a ciki, ta ji ya dace da hannunta kamar taɓaryar gidanta.

"Ranka ya daɗe, ni ban taɓa zuwa nan ba."

"Kullum kina nan, 'yar Adam. 'Yan Adam kashi biyu ne a wurin barci: masu sauka da masu riƙo. Mijinki mahaƙi ne, ya taɓa shiga rijiya babu mai riƙe masa igiya a sama? To haka nan ma. Kina tsammani ƙarfin halinsa ne ya sa yake nutsewa? Ya san kina nan ne. Ranar da kika ɗora kai a matashin can, hannunki ya buɗe, igiya ta bi shi ƙasa."

Hawaye ya zubo wa Hakama. Can ta ce, "A tufka mini wata."

"Ba a tufka biyu. Sai dai ki sauka ki ɗauko bakin waccan. Ke marar nauyi ce, da ba don abin da kika goya ba, da kin yi ta yawo a sama kamar ƙwarya a kan ruwa. Ki bi gangaren nan. Duk abin da kika ji kada ki waiwaya, domin in kika waiwaya kin farka, kuma ba a sauka sau biyu."

Ta kama gangare. Ba ta yi nisa ba ta shiga wani kwari mai hazo, sai sautuka suka taso mata ta baya. Duk abin da ya taɓa tashinta daga barci yana nan yana jiranta. Ta ji akuya tana ture murfin rumbu. Ta ji yayyafi ya fara sauka alhali gero yana shanye a waje. Ta ji tukunya tana tafasa tana kashe wuta, ta ji takun baƙo a zaure. Wuyanta ya riƙa juyawa da kansa, ta kama haɓarta da hannu biyu ta riƙe. Sai komai ya yi tsit. A cikin tsit ɗin, dab da kunnenta, ta ji tarin yarinya, busasshen tari ƙarami, irin wanda ake yi ana ƙoƙarin kada a tashi uwa. Ta san babu kowa a bayanta, amma saninta bai rage komai ba. Da rarrafe ta fita daga kwarin, tana kuka kamar ranar aka yi rasuwar.

Daga nan ta iso wani gari na maƙera, bangonsa baƙi ƙirin, ƙasa tana rawa. Aljanu ne ke ƙira, amma ba su da zugazugi. Masu nauyin barci ne kwance jere a bakin kowace maƙera, minsharinsu ne yake hura wutar. Wani na gurnani, wani na fito, wani sai ya ɗauke kamar ya mutu sannan ya ɓarke. Wani ƙaton maƙeri mai ido ɗaya ya tare ƙofar fita da guduma.

Ya ce, "Ido biyu ba ya ratsa garin nan sai da dalili. Me kike nema?"

"Mijina, ranka ya daɗe."

"To ga maza nan. Rufe idonki ki nuna mini minsharinsa. In kika nuna na wani, ke ma ki kwanta ki hura mana wuta har abada."

Ta rufe ido. Wannan kam ba a koya mata ba. Shekara da shekaru tana kwance tana sauraron abin nan tana tsine masa a zuci, ta san shi kamar muryar mahaifiyarta: ja biyu masu tsawo, sai ɗan kaɗawa a maƙogwaro, sai ajiyar zuciya. Ta bi sautukan ɗaya bayan ɗaya, ta tace su kamar mai tankaɗe. Akwai wani da ya yi kama, har ta ɗaga hannu, sai ta ji babu ajiyar zuciyar. Ta buɗe ido ta ce, "Babu nasa a nan."

Maƙerin ya sauke guduma. "Kin yi gaskiya. Nan masu matsakaicin nauyi suke tsayawa. Mijinki ratsawa yake yi, ko kallonmu ba ya yi, kamar wanda ake jira a gaba. Wuce."

Gaba da garin sai wani gulbi, ruwansa fari kamar nonon tsala, ba ya motsi ba ya ƙara. Ta ga masu barci suna shiga cikinsa da ƙafa har ya shanye kansu, suna fita ta wancan gefe. A bakin gaɓa wata tsohuwa ce a cikin kwalekwale, fuskarta a lulluɓe.

Tsohuwar ta ce, "Na gan ki kwanan baya, kin zo har nan da idonki a rufe, aka fizge ki kika koma. Yau kin zo a farke. Wannan shi ne Gulbin Mantuwa. Duk mai barcin da ya ratsa shi a hanyar komawa, abin da ya gani a can wanke shi yake yi tas. Shi ya sa in ka tambayi mai nauyin barci me ya gani, sai ya ce bai ga komai ba. Ke a jirgi zan kai ki, ruwan ba zai taɓa ki ba, za ki tuna komai. Kada ki ɗauka gata na yi miki."

"Me zan biya, Iya?"

"In kin dawo ki bar mini abin da kika goya. Daga ranar kuma kin rabu da barci mai nauyi har kabari."

"Na yarda."

Suna tsakiyar ruwa tsohuwar ta sake magana ba tare da ta dube ta ba. "A can akwai waɗanda suka riga ku tafiya. Masu barci suna zama da su, an yarje musu. Ke ba za su gan ki ba, ba za su ji ki ba, sai fa in kin kira sunansu. Wanda kika kira zai waiwayo ya gan ki, ki rungume shi in kina so. Amma daga nan kin zama ta can, kuma wanda kika zo ɗauka shi ma ya zauna ke nan, don babu mai ja."

Jirgin ya taɓa gaɓa, Hakama ta sauka.

Wancan gefen wuri ne mai sanyi, itatuwa masu inuwa, babu rana babu iska. Mutane zaune biyu-biyu, uku-uku, suna hira ƙasa-ƙasa. Duk mai igiya a ƙugu, igiyarsa a miƙe take ta yi sama. Guda ɗaya ce ta gani a zube a ƙasa, ta nannaɗe kamar igiyar shanya da iska ta kayar. Ta bi ta da ido har gindin wani marke.

Korau ne zaune ya miƙe ƙafa, ya ɗaga haɓa sama. A cinyarsa yarinya ce durƙushe, da ɗan zanenta mai ratsin shuɗi wanda Hakama ta saƙa da hannunta, ta tattara hankalinta duka tana yi masa kitso a gemu, harshenta a waje kaɗan kamar yadda takan yi.

Hakama ta tsaya a gefe tana kallonsu.

Korau ya juyo ido ya gan ta. Ya ce, "Hakama, ke ce? Yau kin daɗe ba ki ja ni ba."

Ta ce, "Maigida, nan kake zuwa?"

"Kullum. In ban zo ba wa zai zauna da ita? Duk zuwa sai na ce yau zan gaya miki, in na buɗe ido sai in ga babu komai a kaina."

Tambayar da ta haɗiye shekara da shekaru ta taso mata, ta kasa mayar da ita. "Daren nan fa? Na kira ka, na kira ka. Ka bar ni ni kaɗai da ita."

Ya sunkuyar da kai gwargwadon yadda kitson ya bari. "Na ji ki. Kin ja har igiya ta yanke ni a ƙugu. Ina hanyar hawowa ke nan na gamu da ita tana saukowa ita kaɗai, a kwarin nan mai hazo, tana kuka ba ta san hanya ba. Ta kama yatsana. Ke kina da fitila a can, ita ba ta da kowa. Sai na ce bari in raka ta tukuna."

Hakama ta zame ta zauna a ƙasa. Duk tsinuwar da ta yi wa minsharin nan ta dawo mata ɗaya bayan ɗaya, ta rasa inda za ta sa kanta don baƙin ciki.

Yarinyar ta ɗago ta ce, "Baba, da wa kake magana?"

"Da kaina nake yi, uwata. Ƙarasa, an kusa ja na."

"Inna ce za ta ja?"

"Ita ce."

"Ita me ya sa ba ta zuwa? Uwar su wancan kullum sai ta zo."

"In ta zo wa zai riƙe mini igiya?"

Yarinyar ta ci gaba da murza gashin da ke hannunta. Can ta ce, "Ko dai ba ta son ganina ne? Ko sunana ma ba ta taɓa kira ba."

Sunan ya taso wa Hakama tun daga ciki, ya cika mata baki. Tsawon hannu ne kawai tsakaninsu. Tana ganin ɗan tabon ƙuna a gwiwar hannun yarinyar, tana ganin kitson da ita ta yi mata na ƙarshe bai ko tsufa ba. Kalma ɗaya za ta furta, yarinyar ta waiwayo. Hakama ta dubi Korau, ta tuna gangar jikinsa da ta baro a rumfa, haƙarƙari a waje, Jatau yana zaune a kansa. Ta ciji leɓenta har ta ji gishirin jini.

Korau bai dube ta ba, ya dai shafa kan yarinyar ya ce, "Kunya ce irin ta manya. Duk tarin da kika yi a duniya, ita ta fara ji."

Hakama ta laluba ta ɗauki bakin igiyar, ta naɗa a hannu, ta tashi. Ba ta yarda ta sake kallo ba. Ta bi hanya igiyar tana warwarewa a bayanta, ta shiga jirgi, ta kwance goyon ta ajiye wa tsohuwa. Tana ajiyewa ta ji ƙafarta ta bar ƙasa. Ta taso sama kamar ƙwarya, ta wuce hayaƙin maƙera, ta wuce kwarin hazo, sai ga ta a gurbinta a bakin rami, igiya ta kwanta a kwarinta.

Mai Tufka ya ce, "Ja, 'yar Adam, ki kira shi yadda kika saba."

Ta tattara ƙarfinta ta ja, ta ce, "Maigida."

Sai ta tsinci kanta durƙushe a rumfar gidanta, tafin hannunta duk ya sale. Korau ya buɗe ido, ya dubi mutanen da suka kewaye shi, ya ce da dasasshiyar murya, "Lafiya? Ba ni ruwa." Jatau ya fashe da kuka, mata suka yi ta hamdala.

Da aka watse ta dama masa kunu, tana ba shi da ludayi. Ta ce, "Me ka gani a barcin nan naka?"

Ya yi tunani da gaske, ya ce, "Wallahi ban ga komai ba. Na rufe ido ne na buɗe." Ya kai hannu gemunsa, ya ji wani abu, ya ce, "Wane ɗan banza ne ya yi mini wasa da gemu ina kwance?" Ƙananan kitso ne guda-guda, na ƙarshen ba a gama ba. Ya kama zai tsefe, ta riƙe hannunsa.

"Bar shi."

Ya dube ta, bai gane ba, amma ya bari.

Ta so ta ba shi labari. Sau da yawa takan buɗe baki, sai ta tuna ruwan nan fari, ta ga babu amfanin ɗora wa mutum kewar abin da ba zai iya tunawa ba. Ita kaɗai ta riƙe, kuma barcinta ya ƙara zama sama-sama fiye da da. Korau ya murmure, ya koma haƙar rijiya, ya koma barcinsa.

Ranar da ya fara komawa aiki, ya dawo da rana, ya sha fura, ya miƙe a rumfa. Hakama ta ɗauko kujerarta ta zauna kusa da kansa. Ta daɗe tana juya maganar, sannan ta ce, "Maigida, in ka je, ka ce ina gaishe ta."

Ya ce cikin magagi, "In na je ina?"

Ta dubi ƙofar gida, babu kowa. Ta sunkuya dab da kunnensa, ta faɗi abin da bakinta bai taɓa faɗa ba. "Kyauta. Ka ce da Kyauta uwarta ta kira sunanta."

Ja biyu masu tsawo, sai ɗan kaɗawa a maƙogwaro, sai ajiyar zuciya. Ya riga ya tafi, kuma ba ta da hanyar sanin ko ya ji. Ta gyara zama, ta dunƙule hannunta a kan cinya, ta ci gaba da riƙo.